Diyyar Rauni a Khartoum: Kada a Guje wa Likita

Tun da sojojin Sudan suka sake karɓe Khartoum a watan Maris na 2025, jama'a ke ta komawa gida, magina da 'yan dako kuma suka duƙufa wajen kwashe ɓaraguzai a Omdurman da Bahri. Labarai sai lissafin gadoji da asibitocin da za a gyara. Lebura da bango zai rufta wa fa, wa ke lissafinsa?

Mutane da dama sun ɗauka da zarar an ji rauni a bakin aiki, diyya ta tabbata. Sudan na da dokar diyyar raunin aiki tun 1981, amma kuɗi ba ya fitowa sai kwamitin likitocin gwamnati, wato Gomsiyon, ya duba mai raunin ya ƙiyasta yawan nakasar da ta same shi. Wanda ya ƙi zuwa ranar da aka kira shi, ko ya tsaya wajen mai ɗori har ƙashi ya haɗe a karkace, shi ya raunana hujjarsa da hannunsa. Gobarar masana'antar tayil ta Bahri a Disamban 2019, wadda ta kashe mutum sama da 20, ta isa ta nuna cewa haɗarin bakin aiki ba wasa ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne 'yan'uwanmu Hausawan Sudan. Kakanninsu sun bi hanyar Makka a ƙafa, wasu kuma sun yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin Mai Wurno a gaɓar Shuɗin Nilu. Da aka buɗe noman rani na Jazira a 1925, da guminsu aka yi tsinkar audugar da ta riƙe tattalin arziƙin ƙasar shekara da shekaru. Mafi yawansu 'yan ƙwadago ne na yini, suna zaune a sansanonin da ake kira kambo, ba kwantiragi, ba suna a rajista. Jikoki da yawa sun gaji wannan hali a kasuwanni da wuraren gini na Omdurman. Mutumin da ba a rubuta ya yi aiki ba, ta yaya zai tsaya gaban likita ya nemi haƙƙi?

Ya kamata hukumar ƙwadago ta tilasta wa 'yan kwangila rubuta sunan kowane lebura. Sarakunan Hausawa da limamai kuma su daina ce wa mai rauni ya bar wa Allah kawai. Su raka shi asibiti tun ranar farko, ya karɓi takardar likita, ya kuma je duk zaman da aka kira shi.