Tsohuwar Mota A Akara: Kafin Ka Shiga Ƙungiya, Duba Bakanikenta Da Littafin Kuɗinta

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma ga dukkan alamu wannan magana ta fara tabbata a kan tsofaffin motocin nan da a shekarun baya ake jinginewa a bayan gida kaji na kwana a ciki, ko a sayar wa 'yan gwangwan a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. A yau Fijo 404 da 504, da Marsandi 200, da Bitil, da tsohuwar Landiroba sun samu masu nemansu a Akara, babban birnin ƙasar Gana, inda masu sha'awarsu ke haɗa kai rukuni-rukuni, wasu a gareji, wasu a tasha, wasu kuma a waya kawai suke haɗuwa.

Lamarin ya shafe mu, domin da yawa daga cikin mutanenmu da ke fatauci tsakanin Kano, Maraɗi, Kwatano, Lome da Akara suna da irin waɗannan motoci, wani ya gada daga mahaifinsa, wani ya karɓa a madadin bashi, wani kuma ya saya ne da niyyar ya gyara ya ci riba. Mai tsohuwar mota kuwa ba ya iya riƙe ta shi kaɗai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dole sai da jama'a, sai dai kuma zaɓen jama'ar shi ne inda gizo ke saƙar. Wanda ya faɗa hannun ƙungiyar da ba ta dace ba yana iya rasa motar, ya rasa kuɗin gyara, ya kuma kwana a ofishin kwastan.

Tarihin waɗannan motoci a Akara yana tafe ne tare da tarihin kasuwar Makola, wadda aka gina a 1924. Shekara da shekaru manyan motoci ƙirar Bedford masu bodin katako su ne ke sauke doya, goro, albasa da fasinja a kewayen kasuwar, kafin sojojin Jerry Rawlings su rushe ta a watan Agustan 1979. Filin da tsohuwar kasuwar take a da, yanzu wurin ajiye motoci ne da ake kira Rawlings Park, ciniki kuma ya ci gaba a layukan da ke zagaye da shi. Mutanen Zango ba a bar su a baya ba a wannan harka, domin daga Nima da Maamobi da Sabon Zango an samu direbobi, yaran mota, kanikawa da masu saida kayan gyara masu yawa. Hasali ma Sabon Zango, unguwar da Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarnin da ya wuce, maƙwabciya ce ga Abossey Okai, wato babbar kasuwar kayan gyaran mota ta Akara.

Ita ma hukuma ta san darajar tsohuwar mota, ganin cewa a wurin tunawa da Kwame Nkrumah, wanda ba shi da nisa daga Makola, an adana motarsa ƙirar Cadillac jama'a na zuwa kallo, kamar yadda aka adana Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 a gidan tarihi na Legas.

Wace irin mota ce, wane irin mai mota ne?

Kafin mutum ya nemi ƙungiya, ya kamata ya fara tambayar kansa abin da yake so da motar, domin ƙungiyoyin ba iri ɗaya ba ne.

Idan motar ta neman abinci ce, wato za ta ɗauki kaya ko fasinja daga Makola zuwa Nima ko zuwa kan iyakar Aflao, to wurinta yana tasha, a ƙarƙashin reshen ƙungiyar direbobi irin su GPRTU ko PROTOA, domin su ke riƙe da layin lodi a akasarin tashoshin ƙasar. A nan babu ruwan kowa da ko injin na asali ne ko an sauya shi da na Toyota, muddin motar na tashi kuma takardunta sun cika.

Idan kuwa ta ajiya ce da sha'awa, to nan ne ake maganar kulob na masu tsofaffin motoci. Ƙungiyar duniya mai kula da wannan fanni, wato FIVA, wadda aka kafa a 1966, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi ne idan ta kai shekara 30, aka adana ta a kamanninta na asali, kuma ba da ita ake zirga-zirgar yau da kullum ba. Ke nan a wurin waɗannan mutane, ranar da ka cire injin Fijo ka ɗora na wata mota, ranar ka karya darajarta, ko da kuwa ta fi da gudu.

Na uku shi ne mai saye da sayarwa. Wannan ya sani cewa dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe ƙananan cinikin kasuwa ga 'yan ƙasa, kuma a kan wannan batu ne aka rufe shagunan 'yan Nijeriya masu saida kayan gyara a Suame Magazine da ke Kumasi a 2019. Saboda haka baƙon da ke son shiga harkar ya nemi sanin matsayin doka a lokacin da zai fara, ya kuma tabbatar ƙungiyar da zai shiga tana karɓar baƙo da zuciya ɗaya, ba kuɗinsa kaɗai take so ba.

Bakanike da kayan gyara

Ma'auni na farko da za a auna kowane kulob da shi, shi ne bakanikensa. Riguna iri ɗaya da jerin gwano a bakin teku ranar Lahadi ba su tayar da motar da ta mutu. Yaran da ke koyon kanikanci a yau sun fi sabawa da motocin da ake jona wa kwamfuta ta faɗi ciwonsu, alhali Fijo 404, wadda ta fara fitowa a 1960, da 504 da ta biyo baya a 1968, suna buƙatar wanda ya san saita kafireta da kunnensa. Irin waɗannan dattawan kanikawa kullum raguwa suke yi, kuma kulob na gaskiya ya san inda suke, yana kuma kai musu aiki a kai a kai. Don haka mai son shiga ya nemi a kai shi garejin, ya ga motocin da ake kan gyarawa, ya tambayi wata nawa kowace ta yi a wurin. Garejin da ciyawa ta fito a ƙarƙashin motocin 'yan ƙungiya ya riga ya ba da amsa.

Akwai wata tambaya guda da ke saurin tona asirin wanda bai san aiki ba, ita ce ta fetur. Tun farkon 2006 ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara suka daina sayar da fetur mai dalma, alhali wasu tsofaffin injuna an ƙera su ne don irin wancan man, domin dalmar na kare mazaunin bawul daga cinyewa. Bakaniken da ya san hannunsa zai gaya maka ko injinka na buƙatar a sauya mazaunin ko a riƙa zuba masa maganin da ke maye gurbin dalmar.

A ɓangaren kayan gyara kuwa, a nan ne ɗan kasuwar kan iyaka ya fi kowa riba, kuma ya kamata ya san darajar kansa. Kamfanin Fijo na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Faransa. Wannan ya sa abin da za a sha wahalar samu a Abossey Okai ko Suame, sau da yawa yana nan a Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Ladipo ta Legas, haka kuma garuruwan da Faransa ta raina irin su Lome, Kwatano da Yamai ba su rabuwa da kayan Fijo. Wanda ke bin wannan hanya duk wata ba da hannu wofi ya shiga ƙungiya ba. Sai dai ya lura, ƙungiyar kirki za ta biya shi kuɗin kaya da ladan ɗawainiya a bayyane, ta banza kuwa za ta mayar da shi ɗan aike da sunan zumunci.

Bugu da ƙari, a duba ko ƙungiyar na da wurin ajiya. Duk wanda ya san lungunan Nima da Maamobi ya san cewa samun inda za a ajiye mota a rufe ba ƙaramin aiki ba ne. Iskar teku mai gishiri tana cin ƙarfe a Akara fiye da yadda muka saba gani a Kano ko Maraɗi, sannan ga ambaliya, wadda mutanen birnin ba za su manta da ta ranar 3 ga Yunin 2015 ba. Fili mai rufi a kan tudu, da maigadi, ya fi kowace liyafa amfani ga mai tsohuwar mota.

Takardu da kuɗi

Ma'auni na biyu shi ne yadda ƙungiya ta ɗauki maganar takardu. Tsohuwar mota takan bi ta hannun mutum biyar ko shida, takardar kuwa tana nan da sunan na farko, wanda wataƙila ya daɗe da rasuwa. Hukumar DVLA, wadda aka kafa a 1999, ita ke da alhakin rajista, sauya sunan mai mota da ba da takardar lafiyar mota a Gana. Kulob mai mutunci zai dage sai lambar shasi da ta inji sun dace da abin da ke rubuce, idan kuma motar gado ce, sai magada sun sa hannu. Wanda ya ce maka kada ka damu, yana da mutum a ciki, to ka kama gabanka tun da wuri.

Masu tsallaka iyaka da mota suna da ƙarin abin lura. Gana ta koma tuƙi a hannun dama ranar 4 ga Agustan 1974, shekara biyu bayan Nijeriya, saboda haka yawancin motocin da suka girmi wannan lokaci sitiyarinsu na dama ne, kuma shigo da irinsu ƙasar a yau yana buƙatar izini na musamman. Haka zalika kwastan na Gana na ɗora tara a kan motar da ta haura shekara 10, tarar kuma na hauhawa gwargwadon tsufan motar. A 2020 majalisar ƙasar ta zartar da dokar hana shigo da wasu motocin da suka wuce shekara 10, amma gwamnati ta dakatar da aiki da wannan sashe kafin ya fara. Ita ma Nijeriya ta hana shigar da motoci ta iyakokin ƙasa daga watan Janairun 2017. Tunda irin waɗannan ƙa'idoji na sauyawa, sai a tambayi kwastan kai tsaye kafin a ɗaura niyya. Wanda zai shiga da motarsa ziyara kawai, ta Aflao ko Paga ko Elubo, ya karɓi takardar shiga ta wucin gadi, ya kiyaye ranar ƙarewarta, ya kuma riƙe katin inshorar ECOWAS da aka ƙirƙiro tun 1982. Ƙungiyar da ta taɓa fita da motocinta zuwa Lome ta san duk wannan.

Ma'auni na uku, wanda ya fi raba zumunci, shi ne kuɗi. Yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi suna karɓar kuɗin shiga da na wata-wata, wasu kuma na yin adashi, wanda a Gana ake kira susu, domin taimaka wa wanda gyara ya kama. Babu laifi a cikin wannan, amma a tambaya: ƙungiyar na da rajista da hukuma? Tana da tsarin mulki a rubuce? Asusun banki da sunanta yake, kuma mutum nawa ke sa hannu? Idan ana tura kuɗi ne ta lambar wayar shugaba shi kaɗai, babu rasit, babu ranar karanta lissafi, to bango ya riga ya tsage. Duk kuma ƙungiyar da ta fara yi maka alƙawarin ribar wata-wata idan ka zuba jari a sayen tsofaffin motoci, ka tuna da dubban mutanen da kuɗinsu ya maƙale lokacin da hukuma ta dakatar da kamfanin Menzgold a 2018.

Sai kuma a yi hattara da dillalan da ke fakewa da sunan kulob. Alamarsu ita ce, tun ranar farko za su fara kushe motarka, sannan wani daga cikinsu ya yi tayin raba ka da wahala. Akwai kuma masu hura wa mutum kunne da labarin Marsandin nan ta 1955 da aka sayar Yuro miliyan 135 a Jamus a 2022, don ya zuba dukiyarsa a gyara. Gaskiyar magana ita ce guda biyu kacal aka ƙera irin waccan, alhali Marsandi 200 da 'yan uwanta na shekarun 1976 zuwa 1986 an ƙera su sama da miliyan biyu da rabi. Sau da yawa abin da mutum zai kashe wajen gyara yakan zarce abin da zai samu in ya sayar, don haka kada a taɓa jarin shago saboda mota.

Daga ƙarshe, a dubi halin mutanen, domin zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A ina suke taro, kuma da wane lokaci? Suna tsere a kan titi? Suna dakatawa idan lokacin salla ya yi? Wanda motarsa ba ta kai ta sauran kyau ba, ana ba shi wurin zama? Kada mutum ya biya ko sisi sai ya halarci zama biyu ko uku a matsayin baƙo, ya kuma nemi wanda ya taɓa zama ɗan ƙungiyar ya fita, ya ji dalilinsa.

Duk wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu fataken goro da shanu ba su sauka gidan kowane maigida a Zango sai sun bincika amanarsa, sun ji yadda yake biyan kuɗin baƙi, da yadda yake tsayawa idan rigima ta taso. Wannan ma'aunin dai shi za a ɗora wa ƙungiyar masu tsofaffin motoci. Wanda ya tambayi Sarkin Zango, ko limamin unguwa, ko dattawan tasha kafin ya miƙa makulli da kuɗinsa, da wuya ya yi da-na-sani. Allah Ya haɗa mu da abokan hulɗa na gari, Ya kuma kiyaye hanya.