Yadda Za A Canja Na'urar Faifai A Tsohuwar Kwamfuta Ba Tare Da Kiran Makaniki Ba

Da yawa daga cikinmu muna da tsohuwar kwamfutar tebur a gida ko a ofis, muna kuma da faya-fayan CD da DVD da muka tara shekara da shekaru. A cikinsu akwai hotunan aure, da waƙoƙin zumunta, da takardun da ba su da kwafi a wani wuri. Ranar da na'urar karanta faifai ta mutu, duk waɗannan sun zama kamar kaya a ɗakin da makullinsa ya ɓata. Kwamfutocin yanzu kuwa yawancinsu ba sa zuwa da wannan na'ura. Abin farin ciki shi ne, canja ta aiki ne da mutum zai iya yi da kansa cikin rabin sa'a, da sukundireba guda ɗaya.

Kafin mu kashe kuɗi, sai mu tabbatar lalle na'urar ce ta lalace. A gwada faifai biyu ko uku, domin wani lokaci faifan ne ya ƙarje. Idan farantin ya ƙi fitowa, akwai ɗan rami a goshin na'urar. A miƙe wayar maƙala takardu a tura a ciki, farantin zai leƙo. Sau da yawa ɗan zoben roba mai jan farantin ne ya saki, ko kuma ƙurar hunturu ta rufe idon da yake karanta faifan.

Abu na biyu, mu san irin da za mu saya, gama iri biyu ne. Tsohon yayi, wato IDE, yana da faffaɗar waya kamar ɗamara, mai ramuka 40, da wayar wuta mai baki 4. Sabon yayi, wato SATA, wanda ya fara yaɗuwa daga shekarar 2003, yana da siririyar waya mai baki 7 da ta wuta mai baki 15. Ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Hanya mafi sauƙi ita ce a cire tsohuwar a tafi da ita kasuwa. Gara a sayi mai karanta DVD, don tana karanta CD ma. Faifan CD yana ɗaukar megabait 700, na DVD kuwa gigabait 4.7.

To, ga aikin kansa. A kashe kwamfuta, a zare wayarta daga soket, a danna makunnin na ɗan lokaci domin sauran wuta ta fita. A buɗe murafun gefe biyu. Kafin a taɓa kome a ciki, a dafa ƙarfen akwatin. Wannan ba wasa ba ne, musamman a lokacin hunturu, lokacin da jikin mutum yakan tara irin wutar nan mai tartsatsi a tufafi. Tana iya ƙona kayan ciki ba tare da an gani ba. A zare wayoyi biyun da suke bayan na'urar, a kama kan wayar, kada a fizgi igiyar. A kwance kusoshi, galibi biyu a kowane gefe, sannan a turo na'urar ta fita ta gaba.

Ga masu IDE, a nan ne ake yawan tuntuɓe. A bayan na'urar akwai ɗan marfin roba da ake kira jamfa, yana zaune a ƙarƙashin MA, ko SL, ko CS. A duba inda yake a tsohuwar, a sa na sabuwar daidai wurin. Idan na'urori biyu a waya guda suka zama MA gaba ɗaya, kwamfuta za ta rikice. Gefen faffaɗar wayar mai jan layi kuma yakan fuskanci wajen wayar wuta. SATA ba ta da wannan wahala, bakinta ta hanya ɗaya kawai yake shiga. Duk abin da ya ƙi shiga, kada a sa masa ƙarfi.

A ɗaure kusoshi, a rufe, a kunna. Windows takan gane sabuwar na'urar da kanta. Idan ba ta bayyana ba, a kashe a sake duba wayoyin. Wanda kuma bai sami irin tasa a kasuwa ba, akwai ta waje wadda ake jonawa da USB.

Shawararmu ta ƙarshe ita ce, da zarar na'urar ta fara aiki, a kwashe abin da yake cikin faya-fayan zuwa filashi ko wata ma'ajiya, a ajiye kwafi biyu a wurare dabam. Faifan da aka ɗora wa abu a gida yana lalacewa da zafi da hasken rana. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.