Kwal, Mulki da Yaƙi: Enugu da Zaman Hausawa a Cikinta

1.0 Gabatarwa

Biranen ƙasar Hausa ganuwa da fada ne suka kafa su. Enugu kuwa kwal ne ya haife ta. Wannan maƙala za ta dubi yadda hakan ya shafi matsayin baƙo, musamman Bahaushe, a birnin.

2.0 Garin Baƙi

A 1909 Turawa suka gano kwal a tsaunukan Udi, aka fara haƙa a 1915. A 1916 layin dogo ya haɗa wurin da Fatakwal. Sunan garin daga kalmomin Ibo ne, enu da ugwu, wato saman tudu. A 1929 ya zama hedkwatar Lardunan Kudu, sannan ta Lardunan Gabas a 1939. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sanda suka harbe mahaƙa 21 a Iva Valley, abin da ya ƙara wa fafutukar neman 'yanci wuta.

Tun da aiki ne ya tara mutanen garin, yawancinsu baƙi ne, har da Ibo ɗin da suka zo daga wasu garuruwa. Wannan shi ya buɗe ƙofa ga Malam Umaru Altine, Bafillacen Sakkwato mai fataucin shanu, ɗan jam'iyyar NCNC, ya zama magajin garin Enugu na farko a shekarun 1950. Ba ƙuri'un 'yan zango kaɗai suka kai shi ba, domin yawansu bai isa ba. Sau da yawa akan ambaci zaɓensa a matsayin abin al'ajabi, alhali kuwa yanayin kafuwar garin ya isa ya bayyana shi.

3.0 Yankewa

Bayan kashe-kashen da aka yi wa Ibo a Arewa a 1966, gwamnatin Ojukwu ta umarci waɗanda ba 'yan Gabas ba su fice. Zangunan Enugu da Anaca da Fatakwal suka watse. Ranar 30 ga Mayu, 1967, Enugu ta zama babban birnin Biyafara, sojojin tarayya kuma suka kama ta a Oktoba.

Bayan 1970 fatake suka koma da shanu da albasa da wake, har kasuwannin Anaca irin su Ochanja. Sai dai ba duk tsofaffin gidaje suka dawo ba. Don haka mai nazarin Hausar waɗannan unguwanni ya wajaba ya fara tambayar mai ba shi bayani shekarar zuwan iyayensa, kafin ya danganta wata kalmar aro da daɗewar zama.