A'isha Falatiya: Tsakanin Ɗakin Aure da Dandalin Waƙa

Duk wanda ya zauna a zango ya san cewa idan yarinya ta tashi da zaƙin murya, abu biyu ke biyo baya: 'yan biki su yi ta nemanta, iyayenta kuma su fara neman mijin da zai rufe mata baki. Wannan tsohuwar rigima ce, kuma babu labarin da ya fi fito da ita fili kamar na wata 'yar uwarmu, A'isha Musa Ahmad, wadda mutanen Sudan suka fi sani da A'isha Falatiya.

An haife ta a garin Kassala da ke gabashin Sudan. Iyayenta mutanen Sakkwato ne da suka biyo hanyar aikin hajji, daga bisani suka yada zango a ƙasar, kamar yadda dubban mutanenmu suka yi. Mahaifiyarta Bahaushiya ce, mahaifinta kuwa malami ne Bafulatani, yana da makarantar allo a Omdurman, irin wadda a can ake kira halwa. Laƙabin Falatiya ya fito ne daga Fallata, wato sunan da mutanen Sudan ke kiran duk wanda asalinsa ya fito daga yamma, Bahaushe ne ko Bafulatani ko Babarbare. A makarantar mahaifinta ta koyi karatun Alƙur'ani, a nan ne kuma harshenta ya goge.

Tun tana 'yar budurwa ta fara waƙa a gidajen biki, nan da nan sunanta ya bazu. To, a wancan zamani mace mai waƙa a bainar jama'a ba ta da daraja a idon mutane, balle a ce 'yar malam ce. Mahaifinta bai ji daɗi ba ko kaɗan, sai ya ɗauko maganin da iyaye suka saba ɗaukowa, ya yi mata aure. Auren bai yi ƙarko ba. Bayan shekara biyu aka rabu ba tare da haihuwa ba, A'isha kuwa ta koma waƙarta.

A nan ne abin ya zama mai ban tausayi. Matar da aka fi sani da waƙoƙin soyayya, irin waɗanda ake kira tumtum, ita ce wadda aka yi amfani da aure don a kashe mata murya. Yawancin baitocin da take rerawa ma maza ne suka tsara mata. Tana faɗar begen da ke zukatan dubban mutane, amma a rayuwarta an sa ta zaɓi ɗaya, ko ɗakin miji ko dandali.

Wajen ƙarshen shekarun 1930 wakilin wani kamfanin faifai na Masar ya ji ta, aka kai ta Alƙahira ta ɗauki waƙoƙi a faifan garmaho, waɗanda suka cika shagunan shan gahawa na Sudan. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, ta riƙa yi wa sojojin Sudan waƙa a fagen daga don ƙara musu ƙwarin gwiwa. A 1942 ta zama mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon Omdurman, wanda Turawan Ingila suka buɗe a 1940, ƙanwarta Jiddawiya tana kaɗa mata molon Larabawa da ake kira ud. Masu sauraro suka yi murna, masu ra'ayin riƙau suka yi ca, har wasu mawaƙa maza suka ƙaurace wa gidan rediyon. Gorin ya zo mata ta fuska biyu, ga na mace ga na baƙuwar asali, har akwai lokacin da ta yi tunanin tattara kayanta ta koma Nijeriya. Amma ta daure.

Ba ita kaɗai ta sha wannan ba. Ummu Kulsum ta Masar, ita ma 'yar limamin ƙauye ce, wani kawun Sarki Faruƙ ya nemi aurenta amma gidan sarauta ya ƙi amincewa da mawaƙiya. Sai a 1954 ta auri wani likita, bayan girma ya fara kamata. Idan ke nan muryar mace ta yi nisa, na ƙasa su ce ta fi ƙarfin gida, na sama su ce ba ta kai ba.

A'isha ta sake aure, Allah ya ba ta ɗa namiji, kuma ba ta ajiye waƙa ba har cikin shekarun 1960. Ta bar waƙoƙi sama da 150, ciki har da na neman 'yancin Sudan da haƙƙin mata da na ma'aikata. Daga baya har mawaƙa maza suka riƙa haɗa murya da ita. Ta rasu a Omdurman a 1974.

Abin lura gare mu iyaye shi ne, auren da aka ɗaura don ya zama linzami bai riƙe A'isha ba, shekara biyu ya yi ya tsinke. Idan akwai mai irin wannan baiwa a gidanka, gara a zauna da ita da mai nemanta tun kafin a kai sadaki, a faɗi gaskiya a kan sana'arta, domin abin da aka ɓoye ranar baiko shi ke fitowa ranar yaji.

Allah ya jiƙan A'isha, ya sa ta huta.