Me Ya Sa Fatar Wasu Ba Ta Jure Ko Sabulu?

Da zarar iskar hunturu ta kaɗo, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai koke ya yi yawa. Wata ta ce sabulu na ƙona mata fuska, wani ya ce yana fitowa wanka ƙaiƙayi ke taso masa. Yawanci akan ɗora laifin a kan jini ko ruwan rijiya, alhali matsalar tana saman fata ne.

Shimfiɗar da ke can waje ta fatar mutum ba ta kai kaurin silin gashi ba. Matattun ƙwayoyin halitta ne jere kamar tubalan katanga, wani irin maiƙo kuma yana tsakaninsu a matsayin laka. Ita ke riƙe ruwan jiki, ta tare ƙura da sinadarai. Idan maiƙon ya zube, ruwa ya tsere, abin da bai kamata ya shiga ba ya kai ga jijiyoyi, sai raɗaɗi da kaushi. Wasu gadon raunin suka yi, musamman a gidajen da ake fama da asma. Amma da yawa da hannunmu muke rushe katangar.

Dubi wankanmu: ruwa mai zafi, soso mai kaushi, a dirje jiki har sai ya yi ƙara. Lafiyayyar fata tana da ɗan tsami, wajen 5 a ma'aunin pH, sabulun gargajiya kuwa yakan kai 9 ko 10. Har sabulun salo, da ake yabo don ba na kanti ba ne, da toka ake haɗa shi, kuma yana busar da fata.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo baya. A baƙar fata kumburi ba ya fitowa ja. Tabo yake bari mai duhu. Sai a garzaya kasuwa neman man da zai goge tabon, a faɗa wa na bilicin. Da yawansu na ɗauke da haidurokwinon, ko makuri, ko maganin sitiroyid mai ƙarfi wanda ke sirantar da fata har nankarwa ta keto. Wasu iyaye ma suna haɗa irinsa cikin man jarirai. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Haka baƙin lallen amare: sinadarin PPD na rinin gashi ne ke ba shi wannan baƙin, kuma wadda jikinta ya taɓa ƙin sa, ya ƙi ke nan har abada.

Irin wannan fata ragi take so, ba ƙari ba. A yi wanka da ruwa mai ɗumi, a gaggauta, a ajiye soso. Kafin jiki ya gama bushewa a shafa man kaɗanya ko basilin marar ƙamshi. Turare da humra a kan tufafi za su tsaya. Sabon mai kuwa, a fara gwada shi a cikin dantse sau biyu a rana har mako guda kafin ya kusanci fuska.

Idan ƙaiƙayi na hana barci, ko fata na tsagewa tana ruwa, a je asibiti a ga likitan fata, a tafi masa da duk kwalaben da ake shafawa, har da haɗin da ba shi da suna.