Tsakanin Takardar Ɗaukar Aiki da Alat ɗin Banki

Wanda ya samu sabon aiki yakan riƙe adadin da aka rubuta masa a takarda, ya kasafta shi tun wata bai ƙare ba: na cefane, na makarantar yara, na mahaifiya a gida. Sai alat ya shigo, kuɗi ba su cika ba, a hau zargin akanta. Sau da yawa ba wanda ya ci masa ko kwabo, lissafi ne bai yi ba.

Kafin haraji, fansho ake fara cirewa. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya bayar da kashi 8 cikin 100 na tushen albashinsa da alawus ɗin gida da na sufuri, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya zuba kashi 10 daga aljihunsa. Wannan kuɗin naka ne, yana asusunka, kuma ba a yanka haraji a kansa. Ma'aikatan gwamnati suna da ƙarin kashi 2.5 na Asusun Gidaje na Ƙasa.

Sai harajin albashi, wanda ake kira PAYE, da ke tafiya baitulmalin jihar da kake zaune. Daga 1 ga Janairu 2026 sabuwar dokar harajin Najeriya ta fara aiki: Naira 800,000 na farko a shekara ba haraji, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, har a kai kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. An soke tsohon rangwamen da ake yi wa kowa, aka kawo na haya: kashi 20 na kuɗin hayarka na shekara, amma kada ya wuce Naira 500,000.

A ce mutum yana ɗaukar 250,000 a wata, miliyan 3 ke nan a shekara. Idan 200,000 ne ɓangaren da fansho ya shafa, za a cire 16,000 kowane wata, wato 192,000 a shekara. Hayarsa 600,000, rangwamensa 120,000. Ya rage 2,688,000. A ware 800,000 ɗin da aka yafe, saura 1,888,000, kashi 15 ɗinsa 283,200, wato 23,600 a wata. Abin da zai shiga hannunsa 210,400 ne, kafin kuɗin ƙungiyar ƙwadago, adashen ofis ko bashin banki, waɗanda su ba haraji ba ne ko da yake a takardar albashi ɗaya suke bayyana.

Akwai kuskuren da ya yaɗu, har wasu na fargabar ƙarin girma: wai idan albashi ya tsallaka mataki na gaba, duk kuɗin za a yanka da sabon kaso. Ba haka ba ne. Abin da ya haura iyakar kaɗai ake yi wa kashi 18, na ƙasa yana nan a 15 ɗinsa.

Rangwamen haya kuwa ba ya zuwa da kansa. Sai ka bayyana abin da kake biya, da shaida. A garuruwanmu, inda ake miƙa wa mai gida kuɗi hannu da hannu bisa amana, da yawa za su yi asararsa. A misalin nan, rashin rasit ɗin haya yana nufin ƙarin harajin Naira 18,000 a shekara.