Waƙa Mai Lambar Hi-Res: Me Kunne Ke Samu, Me Aljihu Ke Biya?

A watan Yunin 2021 kamfanin Apple ya fara ba masu biyan kuɗin Apple Music waƙoƙi a tsarin da ba a zubar da komai daga cikin sautinsu ba, har zuwa matakin da ake kira Hi-Res, kuma bai ƙara ko sisi a kan kuɗin wata ba. Amazon ma ya soke ƙarin da yake karɓa a kan nasa. Spotify ya yi alkawari tun Fabrairun 2021, bai cika ba sai Satumbar 2025. Tidal da Qobuz na Faransa kuwa, dama a kan ingancin sauti suka gina sunansu. Kowa yana tallar lambobinsa, amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Shin kunne yana jin bambancin?

Sai mun koma ga faifan CD, wanda Sony da Philips suka fitar kasuwa a 1982. Ana auna sautinsa sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo da bit 16. Ba da ka aka zaɓi adadin ba. Ƙa'idar Nyquist ta nuna cewa awon yana kama duk sautin da kaɗawarsa ba ta kai rabin adadin ba, wato har kusan 22,000 a daƙiƙa. Kunnen matashi mai ƙoshin lafiya iyakarsa wajen 20,000 ne, kuma yana raguwa da shekaru. Bit 16 kuma yana ba da tazarar desibel 96 tsakanin sauti mafi sanyi da mafi ƙarfi. Hi-Res yana kaiwa bit 24 da awo 192,000, tazararsa desibel 144. Duk wanda ya buɗe lasifika har ya cinye wannan tazara, to kunnensa ya cutar.

An gwada abin a aikace. A 2007 Brad Meyer da David Moran sun wallafa bincike a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES: sun saurarar da mutane babban tsari da na CD ba tare da sun san wanne ne wanne ba, sau 554. Amsoshin da suka yi daidai sun tsaya a kusan rabi, daidai da canke. A 2016 Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary ta Landan ya tattara bincike 18, ya samu amsoshin da suka yi daidai sun kai kashi 52 da ɗoriya cikin ɗari, adadin da ke ƙaruwa idan an horar da masu sauraro. Ke nan bambancin yana nan, amma siriri ne ƙwarai, kuma a ɗaki marar hayaniya da kayan sauti masu tsada aka same shi.

Yawancinmu kuwa da na'urar kunne marar waya muke sauraro. Bluetooth ba ya iya ɗaukar wannan nauyi. Sai ya sake matse sautin kafin ya isa kunne. Ko tsarin LDAC na Sony iyakarsa kilobit 990 a daƙiƙa, alhali CD yana buƙatar 1,411. Apple da kansa ya faɗa cewa na'urorinsa na kunne, AirPods, ba sa kawo cikakken sautin ta Bluetooth. Mai son Hi-Res na gaskiya sai ya nemi na'urar kunne mai waya da ƙaramar na'urar juya sauti da ake kira DAC.

Ga kuma batun data, wanda ya fi damuna. Bisa lissafin Apple, waƙar minti uku tana cin megabayit 6 a tsarin AAC na yau da kullum, 36 a cikakken tsari, 145 a Hi-Res. Gigabayit ɗaya bai kai waƙa bakwai ba a Hi-Res, alhali a AAC ya haura 160. A Najeriya, inda hukumar NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, wannan ba ƙaramin lissafi ba ne. A ganina, mai ƙaunar waƙa ya tsaya a matakin CD, ya sauke waƙoƙinsa inda ya samu wayfay, sauran kuɗin ya zuba su a na'urar kunne mai kyau. A nan zai ji canji tun daga waƙar farko.

Abin da ya fi lamba tasiri shi ne yadda aka ɗauki waƙar da yadda aka gyara ta a situdiyo. Idan an danne sauti don ya yi ƙara, kamar yadda aka yi wa kundin Death Magnetic na Metallica a 2008 har masoyansu suka koka, bit 24 ba zai dawo da abin da aka murƙushe ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Waƙoƙin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da ke yawo a wayoyi, da yawansu daga kaset aka kwafo su zuwa MP3, aka yi ta turawa daga waya zuwa waya. Zuba irin wannan fayil a babban tsari ba ya ƙara masa komai. Inda bit 24 ke da amfani na haƙiƙa shi ne wajen kwafe tef na asali, domin yana ba injiniya sararin rage shuu da daidaita murya da kalangu ko kuntigi ba tare da ya lalata su ba. Shi ya sa ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, take ba da shawarar a kwafe tsofaffin tef a bit 24, da awo aƙalla 48,000. Tef ɗin da ke ajiye a gidajen rediyo da hannun iyalan mawaƙa suna lalacewa da zafi da danshi, injinan kunna su kuma suna ƙarewa. Su ya kamata a fara kai wa wannan fasaha, tun ana iya kunna su.